Tsibiran Hawar: Hukuncin Turawa na 1939 da Batun Yardar Sarkin Ƙatar

Ranar 11 ga Yuli, 1939, Razdan na Ingila mai kula da Tekun Fasha, Trenchard Fowle, ya aika wa sarakuna biyu takarda iri ɗaya. Ɗaya ta tafi Manama wurin Shaikh Hamad bin Isa Al Khalifa na Baharain, ɗaya kuma Doha wurin Shaikh Abdullah bin Jassim Al Thani na Ƙatar. Maganar gajera ce: gwamnatin Ingila ta duba hujjojin ɓangarorin biyu, ta yanke cewa tsibiran Hawar na Baharain ne. Ba a faɗi dalili ko ɗaya ba. Shekara 62 bayan haka, a kan wannan takarda Kotun Duniya da ke Heg ta kafa hukuncinta, kuma nan ne rigimar ta cancanci a sake dubanta.

Duk wanda ya buɗe taswira zai ɗauka Hawar ta Ƙatar ce. Tsibiran suna manne da gaɓarta ta yamma, tazarar ba ta kai kilomita 2 ba a wasu wurare, alhali tsakaninsu da babban tsibirin Baharain akwai kusan kilomita 20. Ƙasa ce busasshiya, babu ruwan sha sai abin da aka tara na sama a ramukan da aka gina. Mutanen da aka fi saninta da su su ne Dawasir, ƙabilar da ke zaune a Budaiya da Zallaƙ a Baharain, waɗanda kan ƙetaro da iyalansu da dabbobinsu a lokacin sanyi, su kafa shingayen kamun kifi, su koma gida idan lokacin nutson lu'ulu'u ya zo. A can suka bar gidaje da maƙabartu. Shekaru aru-aru babu sarkin da ya ga buƙatar ya ja layi a cikin wannan ruwa.

Man fetur ne ya kawo layin. A 1932 kamfanin BAPCO, wanda asalinsa na Standard Oil ta Kalifoniya ne, ya haƙo mai a Baharain. A 1935 Sarkin Ƙatar ya ba kamfanin Anglo-Persian izinin nema a ƙasarsa. Sai tambaya ta taso daga 'yan kamfani: Hawar a rabon wa take? A watan Afrilun 1936 Charles Belgrave, Baturen da ke mashawarcin Sarkin Baharain tun 1926, ya rubuta wa wakilin Ingila a Manama cewa tsibiran na ubangidansa ne. A watan Yulin wannan shekarar hukumomin Ingila suka amince a tsakaninsu cewa, bisa abin da ya bayyana a zahiri, Baharain ce mai su. Ba wanda ya gaya wa Shaikh Abdullah. A 1937, shekarar da gidajen sarautar biyu suka gwabza kan garin Zubara da ƙabilar Na'im, Baharain ta kafa sansanin 'yan sanda a Hawar, ta ɗaga tutarta.

Saboda haka, lokacin da Sarkin Ƙatar ya kai kukansa ranar 10 ga Mayu, 1938, an riga an shirya zaman shari'ar ta yadda ba za ta yi masa daɗi ba. Wakilin Ingila, Hugh Weightman, ya amsa masa bayan kwana goma cewa Baharain tana da haƙƙi na zahiri, ga shi tsibiran suna hannunta, in yana da da'awa ya kawo ta a rubuce da hujjoji. Duk wanda ya taɓa zama gaban alƙali kan rikicin gona ya san bambancin mai ƙara da wanda ake ƙara: mai ƙara ne ke yawon neman shaidu, wanda gona ke hannunsa kuwa yana zaune. Shawarar sirrin nan ta 1936 ita ta mayar da Ƙatar mai ƙara, tun kafin a saurari kowa.

Ƙarfin ɓangarorin ma bai zo ɗaya ba. Baharain tana da ofisoshi da kotuna da ma'ajiyar takardu, tana da Belgrave wanda ya san irin hujjar da ke shiga kunnen 'yan'uwansa Turawa. Ta gabatar da shari'o'in da kotunanta suka yi kan mutanen Hawar, da izinin haƙar farar ƙasar shafe gini, da takardar Dawasir suna shaida biyayyarsu ga Al Khalifa. Ƙatar a lokacin ƙasa ce da karyewar kasuwar lu'ulu'u ta durƙusar, ba ta da ma'aikata irin waɗannan. Abin da sarkinta ya dogara da shi a wasiƙarsa ta 27 ga Mayu, 1938, da martaninsa na 30 ga Maris, 1939, shi ne kusanci da kuma maganar wasu mutanensa. Ranar 22 ga Afrilu, 1939, Weightman ya aika rahotonsa yana goyon bayan Baharain. Mutumin da ke zaune gari ɗaya da Belgrave, yana hulɗa da shi kullum, shi ne ya tattara hujjoji, shi ya auna su.

Shaikh Abdullah bai yi shiru ba. Ya rubuta ƙin amincewarsa a watan Agustan 1939, aka amsa masa a Satumba cewa magana ta ƙare. Abin lura shi ne, har cikin gidan Turawan ba a haɗu kan hukuncin ba: Geoffrey Prior, wanda ya gaji Fowle a kujerar Razdan, ya ɗauke shi a matsayin babban rashin adalci. Amma yaƙin duniya ya riga ya ɓarke, kuma gwamnatin da ta yanke hukunci ba ta son a ga tana warware shi.

Rigimar ta bi ƙasashen biyu har bayan samun 'yancinsu a 1971. Saudiyya ta shiga tsakani shekara da shekaru ba a daidaita ba. A 1986 sojojin Ƙatar suka sauka a Fasht al-Dibal, wani tudu a teku da ƙasashen biyu ke jayayya a kansa, suka kwashe ma'aikatan da ke gini a wurin da izinin Baharain. Ranar 8 ga Yuli, 1991, Ƙatar ta kai ƙara Kotun Duniya, aka shafe kusan shekara goma ana shari'a.

A nan dole a yi wa Baharain adalci. Kusanci kaɗai ba ya ba ƙasa tsibiri a dokar duniya, kuma Ƙatar ba ta iya nuna cewa ta taɓa gudanar da mulki a Hawar ba. Ta ma raunana kanta da hannunta: takardu 82 da ta gabatar, Baharain ta ce na jabu ne, daga bisani Ƙatar ta amince a yi watsi da su. Mai yiwuwa ne ƙwarai, da an auna hujjojin tarihi tsantsa, tsibiran su sake faɗa wa Baharain. Matsalar tana ga hanyar da kotun ta bi ranar 16 ga Maris, 2001.

Baharain ta nemi a ɗauki takardar 1939 a matsayin hukuncin masu raba gardama. Kotun ta ƙi, domin ba a yi yarjejeniyar kai maganar gaban alƙalan da ɓangarorin suka zaɓa da kansu don su yi hukunci bisa doka ba. Sai ta juya ta ce duk da haka hukuncin ya hau kan kowa, tun da wasiƙun 1938 sun nuna sarakunan biyu sun yarda Ingila ta yanke maganar. Rashin bayyana dalili bai ɓata shi ba, in ji kotun, kuma ba a tabbatar da zargin son kai ba. Da ƙuri'a 12 da 5 ta bar wa Baharain Hawar, ba tare da ta shiga binciken asalin mallaka ba.

To, wace irin yarda ce wannan? Tun yarjejeniyar 1916 Shaikh Abdullah ya ɗaure kansa cewa ba zai yi hulɗa da wata gwamnatin waje ba sai da izinin Ingila. Ba shi da wata kotu, ba shi da wani mai shiga tsakani. Ƙofa ɗaya ce a gabansa, ya ƙwanƙwasa ta, kuma bai san cewa masu gidan sun riga sun karkata tun 1936 ba. Kiran wannan yarda ya yi wa kalmar nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Alƙalai uku 'yan Afirka, Mohammed Bedjaoui na Aljeriya da Raymond Ranjeva na Madagaska da Abdul Koroma na Saliyo, sun rubuta saɓaninsu tare, suna sukar yadda kotun ta jingina komai ga shawarar mai mulkin mallaka. Ko cikin waɗanda suka zaɓi Baharain, Pieter Kooijmans na Holan da Awn al-Khasawneh na Jodan ba su gamsu da wannan tushe ba, sun fi son a kafa hukuncin kan shaidar gudanar da mulki a tsibiran. Hanyarsu ita ce ta fi tsabta, domin da ta ba Baharain abin da ta samu bisa hujjar kanta, ta kuma ba Ƙatar amsar tambayar da ta yi shekara sittin tana yi.

Ƙatar ba ta fito hannu rabbana ba. Kotun ta tabbatar mata da Zubara baki ɗaya, ta ba ta Fasht al-Dibal, Baharain ta samu ɗan tsibirin Ƙit'at Jarada, ƙasashen biyu kuma suka karɓi hukuncin. Sai ɗan tsibirin Janan, da ke kudu maso yammacin Hawar, wanda ya tafi ga Ƙatar da ƙuri'a 13 da 4. Shi ma ba don tarihi ko kusanci aka ba ta shi ba. Takardar 1939 ba ta lissafa tsibiran da take nufi da Hawar ba, sai kotun ta koma ga wasiƙun da Ingila ta aika wa sarakunan ranar 23 ga Disamba, 1947, lokacin da take raba ƙarƙashin teku saboda kamfanonin mai, inda ta ce Janan ba ya cikin rukunin.