Hukuncin Wanda Bizarsa Ta Fito: Haƙƙoƙin Da Zai Sauke Kafin Ya Bar Gida

Tambaya: Ni mutumin Moriki ne, na samu bizar aiki ta shekara biyu a Saudiyya, saura 'yan makonni in tashi. Ina da mata da 'ya'ya uku, mahaifiyata tana raye, kuma na ci bashi wajen neman bizar. Me Shari'a ta ɗora mini kafin in tafi?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ka sani, ya ɗan'uwa, tafiya neman halal ta halatta, Allah Ya ambaci masu yin ta a aya ta ƙarshe ta Suratul Muzzammil. Sai dai biza izini ne na wata gwamnati ka shiga ƙasarta, ba ta sauke maka haƙƙin kowa a nan gida. Masu haƙƙi a kanka su za ka fara sallama tun kafin ka je kasuwa sayen jaka.

Ka fara da bashi, domin shi ne mafi nauyi. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana gafarta wa shahidi zunubansa amma ban da bashi. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda Shaihu Halil ya kawo a Muhtasar, sun ce mai bin ka bashi yana da ikon hana ka tafiya idan lokacin biya zai zo ba ka nan, sai fa in ka wakilta wanda zai biya ko ka kawo mai tsaya maka. Saboda haka ka zauna da kowane ɗaya daga cikinsu, a rubuta nawa ne, yaushe za a biya, a sa shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni. Kada ka raina ƙananan basussuka, irin na mai shago, da kuɗin taki, da zubin adashen da ka riga ka kwasa.

A nan akwai abin da ya yi yawa a ƙasarmu, daga Zurmi har Shinkafi: mutum ya jinginar da gonarsa don ya haɗa kuɗin dillalin biza, wanda ya ba da rancen ya ci gaba da nome ta yana kwashe gero da wake damina bayan damina, kuɗinsa kuma suna nan cif ba su ragu ba. Wannan rance ne da ya jawo amfani, kuma malamai sun sa shi cikin riba. In haka ka yi, ka gyara kafin ka tashi. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba abu biyu: bashin ya tsaya bashi, gonar kuma a ba da hayarta da kuɗin da aka saba bayarwa a garin, na shekarun da aka ambata, ko a sayar da wani yanki a biya a huta. Na fi son a ba da hayar ga wani dabam, ba mai bin bashin ba, don a nisanci zargi.

Sai matarka. Ciyarwa da tufatarwa da wurin zama wajibi ne a kanka ko kana gida ko ba ka nan. A mazhabar Malik tana da haƙƙin ta nemi ka bar mata abin da zai ishe ta tsawon tafiyar, ko ka tsayar da wanda zai riƙa ba ta. Albashin farko yakan yi jinkiri, don haka ka bar hatsi da kuɗin cefane na wata biyu ko uku. Ka fayyace a gaban kowa hannun wa kuɗi za su riƙa shiga. Rigimar da ta fi zuwa gaban limamai ita ce miji ya riƙa turo wa wansa ko ƙanensa, matar ta koma sai ta roƙa kafin ta ga kuɗin sabulu. Abin da yake nata da na 'ya'yanta ka tura mata, na mahaifiya ka ware shi dabam. Ka kuma bar wasicin a riƙa fitar muku da zakkar fidda kai.

Shekara biyu ba kwana biyu ba ce. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya tambayi 'yarsa Hafsatu tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin miji, sannan ya iyakance wa mayaƙa watanni kaɗan su komo gida. Don haka ka nemi yardarta, yarda ta gaskiya ba ta kunya ba, ka gaya mata lokacin da yarjejeniyar aikinka ta ba ka hutu. Idan ciyarwa ta yanke kuma ba ka bar dukiya ba, tana iya zuwa kotun Shari'a alƙali ya raba auren. Haka idan rashin ya yi tsawo, shekara ko fiye, kuma tana cutuwa: alƙali zai aika maka ka dawo, ko ka ɗauke ta, ko ka sawwaƙe mata. Wanda labarinsa ya ɓace ɗungum kuwa, hukuncin asali a Malikiyya shi ne ta jira shekara 4 daga ranar da alƙali ya gama bincike, sannan ta yi idda wata 4 da kwana 10. Ka ga halin da yanke waya yake jefa 'yar mutane.

Mahaifiyarka kuma ka nemi izininta. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani ya zo neman fita jihadi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da shi ga iyayensa. In babu mai kula da ita sai kai, zamanka ya fi tafiyar. In akwai, ka sanya mata abin da za ka riƙa aikowa, ka tafi da albarkarta.

Ka rubuta wasiyya. Mutanenmu suna ganin kamar kiran mutuwa ne, alhali hadisin Ibnu Umar ya hana mai abin wasici ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Ka sa abin da ake bin ka, da wanda kake bi, da iyakar gonaki, da dabbobin da ka ba da kiwo. Ajiyar mutane ka mayar musu: ko a daren Hijira, an bar Sayyidina Ali a Makka ne don ya mayar wa Ƙuraishawa ajiyarsu.

Bizar kanta alƙawari ce, ayar farko ta Suratul Ma'ida kuma ta wajabta cika alƙawari. Wanda ya shiga da bizar Umara ya maƙale yana aiki a ɓoye ya saɓa, ƙarshensa kuma kamu da maidowa gida. Kai da ka samu ta aiki, ka sa wanda ya iya Larabci ya karanta maka takardar yarjejeniya: wane aiki, wane gari, albashi nawa, wa zai biya kuɗin iƙama da na jirgin dawowa. A Saudiyya zamanka yana ɗaure da wanda ya ɗauke ka, sassaucin da aka yi a 2021 kuma bai haɗa da masu aikin gida ba, irin direban gida da mai gadin gida. In aikin da aka rubuta haram ne, ko an sa ka yin ƙarya a takardu, to ka janye ko da ka kashe kuɗi. Ka bar kwafin fasfo da na yarjejeniyar a gida.

Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe da hannunka ba, ko na wane ne. Safarar ƙwaya a can hukuncinta yana kai wa ga kisa. A Disambar 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Madina saboda jakar tiramadol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano ba da saninta ba, ba a sake ta ba sai ƙarshen Afrilun 2019, bayan binciken NDLEA ya wanke ta. Ka ƙirga jakunkunanka, ka riƙe takardar awonsu. Goro ma an hana shiga da shi, ka haƙura. Ranar tashinka kuma ba sai gari ya sani ba, ka san halin hanyar Ƙaura Namoda. Ka fita da rana.

Game da salla, za ka fara ƙasaru da zarar ka wuce gidajen gari, domin tafiyar ta haura mil 48, wato kilomita 80 da 'yan kai. Kana isa garin aikinka za ka koma cikawa, tunda ka yi niyyar zaman da ya wuce kwana 4. Shekara biyun nan kai mazauni ne, Juma'a da azumi duk suna kanka.

Allah ne Mafi sani.