Jirgin Sama Haɗin Gida: Daga Filin Sukuwar Kano Zuwa Fegin Maigatari

Mai karatu, idan aka ce maka jirgin sama, na san abin da zai faɗo maka a rai bai wuce jirgin alhazai ko na gwamna ba. Haka muka taso muka tarar, jirgi kayan hukuma ne, talaka sai dai ya ɗaga kai ya kalla. To amma a wasu ƙasashen akwai mutanen da ke sassaƙa jirginsu a garejin gida kamar yadda kafinta ke haɗa gado, su hau abinsu ranar hutu su sha iska su sauko. Da yawansu ma dattawa ne da suka taɓa tuƙi a ƙuruciya, hidimar iyali ta raba su da shi, sai bayan ritaya suka dawo. Abin da nake son mu bi diddigi shi ne yadda wannan sana'a ta sha ratsa ƙasarmu ba tare da ta zauna ba.

Jiragen farko da suka sauka a Kano sun iso ne ranar 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarkin Kano Usman. Guda uku ne na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka ratso Sudan da Chadi. Babu filin jirgi a lokacin, a filin dawaki suka sauka. Abin lura a nan shi ne irin jiragen. Kowanne fukafukinsa hawa biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, an tokare tsakaninsu da sanduna an ɗaure da wayoyi. Ƙashin jikinsu yawanci katako ne, an lulluɓe da yadi, an shafe yadin da wani irin fenti mai sa shi ya ɗame kamar fatar ganga. Wato da za a kira kafinta da tela da makaniki na gari su duba, babu wani abu a gangar jikin da zai gagare su ganewa, in ban da injin.

Me ya sa hawa biyu? Domin kuwa fiffike guda ɗaya mai tsawo, in da katako aka yi shi, ko dai ya yi nauyi ko ya karye. In aka yi biyu aka ɗaure su sama da ƙasa, sai su zama kamar akwati, ga ƙarfi ga rashin nauyi, kuma ba sai sun yi tsawo ba. Aibinsa ɗaya, sandunan da wayoyin suna tare iska, jirgin ba ya gudu. Shi ya sa manyan kamfanoni suka watsar da wannan ƙira, shi ya sa kuma har gobe wasu masu haɗin gida ke son ta, don su ba sauri suke yi ba, kuma gajeren fiffike ya fi shiga gareji.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartoum da Kano, shi ma da jirgi mai fukafuki hawa biyu. Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya mai da Kano da Maiduguri zangon jiragen yaƙi masu wucewa Masar. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Duk wannan ci gaba ne, amma duka ta ƙofar gwamnati ya shigo.

A daidai waɗannan shekaru wani abu daban ke faruwa a Faransa. Wani mutum mai suna Henri Mignet ya ƙera ɗan ƙaramin jirgi a 1933, ya raɗa masa suna Pou-du-Ciel, wato ƙwarƙwatar sama (ka ji suna!), sannan a 1934 ya fitar da littafi yana koya wa kowa yadda zai haɗa nasa. Littafin ya samu karɓuwa irin wadda mu marubuta muke mafarki, mutane suka dinga sassaƙa jirage a bayan gida a Faransa da Ingila. Ba a jima ba sai aka fara mutuwa. Ashe akwai aibi a tsarin fukafukan: in jirgin ya sunkuyar da kai ya wuce wani mizani, ba ya sake ɗagowa ko me matuƙi zai yi. A 1936 masana suka saka shi a ɗakin gwajin iska suka gano matsalar, aka gyara ƙirar, amma sunansa ya riga ya ɓaci. Darasin da Turawa suka ɗauka shi ne a bar mutane su ƙera, amma kada kowa ya ƙera shi kaɗai a ɓoye. A 1953 Paul Poberezny ya kafa ƙungiyar masu haɗa jirage ta EAA a Amurka, wadda taronta na shekara-shekara a garin Oshkosh ke tara dubban jirage. Ɗaya daga cikin ayyukanta shi ne tsoho ya zo ya duba aikin sabo kafin a rufe da yadi.

Su kuwa jiragen nan marasa nauyi ƙwarai, asalinsu ma daga mai hawa biyu ne. A 1975 wani Ba'amurke, John Moody, ya ɗaura ɗan injin da bai fi ƙarfin doki 13 ba a jikin wani fiffike mai hawa biyu da ake shawagi da shi ba inji, ya tashi daga kan wani tafki da ya daskare a Wisconsin. A 1982 hukumar jiragen Amurka ta yi musu doka ta musamman: kujera ɗaya, nauyin jirgin kada ya kai kilo 115, mai kada ya wuce galan 5, gudu kada ya wuce kimanin kilomita 100 a awa, a tashi da rana kuma a nisanci cunkoson gari. Wanda ya cika waɗannan, ba ya buƙatar lasisi. Ka riƙe wannan kilo 115 ɗin, za mu dawo kansa.

Abin da zai ba ka mamaki, jirgin haɗin gida ya taɓa zama jirgin sojan Nijeriya. Wanda duk ya zauna Kaduna a shekarun 1990 ya san ɗan ƙaramin jirgin nan Air Beetle da ake koya wa hafsoshi tuƙi da shi. Asalinsa RV-6A ne, ƙirar wani Ba'amurke mai suna Richard VanGrunsven, wanda ke sayar wa mutane sassan jirgi a akwati su je gida su haɗa. Kamfanin AIEP na Kaduna ne ya yi masa kwaskwarima, ya tashi na farko a 1989, daga baya aka haɗa guda 60, da hannun ma'aikata 'yan ƙasa. Abin da dattijo ɗaya ke yi a gareji a can, mu sai da soja da kwangila. Da aka daina amfani da jiragen, aka koma sayen Super Mushshak daga Pakistan a 2016, ni ban ga inda wannan ƙwarewa ta gangaro kasuwa ba. A ganina wannan ita ce babbar asarar, ta fi ta jiragen.

Sai kuma 2007, lokacin da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi ya zaga duniya. Ɗalibin kimiyya ne a Jami'ar Bayero, shekararsa 24, ya shafe wata takwas yana haɗa jirgi mai saukar ungulu da kuɗin gyaran kwamfuta da waya. Injin Honda Civic ya saka mai ƙarfin doki 133, kujeru huɗu na tsohuwar Toyota, tsawon jirgin mita 12. Rahotannin lokacin sun ce ya ɗaga har sau shida, amma bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. Ya koka cewa hukumar jiragen sama ba ta ko leƙo shi ba. Daga baya ya samu tafiya Ingila karatun aikin jirage.

Mutane sun kasu biyu a kansa, masu kirari da masu dariya, kuma duk ba su taimake shi ba. Yaron ya zaɓi mafi wuya ne, domin mai saukar ungulu ya fi mai fiffike wahalar ƙira nesa ba kusa ba. Sannan ga nauyi. Injin mota kaɗai ya kusa cinye kilo 115 ɗin nan da aka ƙayyade wa jirgi sukutum. Wannan kuskure shi ke maimaituwa duk lokacin da aka nuno wani matashi da jirginsa a gidan talabijin: ƙarfen walda, injin mota ko na janareta, kujerar falo. Hannun ya iya, lissafin ne babu mai koyarwa. Jirgi kamar mangalar jaki yake, in nauyi ya rinjaya gaba ko baya da ɗan kaɗan, ba ya tafiya daidai, bambancin kawai shi jaki tsayawa zai yi, jirgi kuwa faɗowa.

Yanzu mu dubi namu yankin. Daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba dutse ba tsauni, da rani in an kwashe amfanin gona sai fegi iyakar ganinka. Irin wannan ɗan jirgi bai buƙatar kwalta, fili mai tauri na 'yan ɗaruruwan mita ya ishe shi. Masu walda da makanikan babur kuwa, wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san ba mu rasa su ba. Ga kuma yankin ciniki maras shinge, inda dokar irin waɗannan wurare ta ba da damar shigo da kayan aiki ba kuɗin fito, wato dai irin wurin da za a iya sauke sassan jirgi a haɗa.

Sai dai fa akwai cikas na gaske. Zafin bazara yana sa iska ta yi sako-sako, fiffike ya rasa abin dafawa, inji ya rage ƙarfi, dole sai da sassafe. Hazon hunturu yana rufe ido, ƙura tana cin inji. Uwa-uba nan bakin iyaka ne, Damagaram na tsallake, kuma a halin tsaron da ake ciki babu jami'in da zai ga baƙon abu a sama ya tsaya tambaya. Saboda haka duk mai wannan buri, takardar izinin hukumar jiragen sama da sanin jami'an tsaro su ne gaba da sayen ƙusa.

Akwai tsofaffin matuƙa da injiniyoyi da Zariya ta yaye, da waɗanda suka haɗa Air Beetle a Kaduna, suna zaune a gida bayan ritaya, wasunsu na marmarin sake jin iska a fuska. Akwai kuma samari a garejin Gumel da na Kano masu hannu amma ba malami. Tun saukar Coningham a 1925, shekara ɗari ke nan da 'yan kai, ban ji an zaunar da waɗannan da waɗancan a rumfa ɗaya da zanen jirgi ingantacce da sikeli a gabansu ba.