Polybius: Gem ɗin da Aka Ce Ya Haukata Yaran Portland

Ga yadda ake ba da labarin. A shekarar 1981, wai an wayi gari da wasu baƙaƙen akwatunan wasan bidiyo a gidajen gem na birnin Portland da ke jihar Oregon a Amurka, irin dogayen nan da ake tsayawa a gabansu a jefa kwabo a buga. Sunan wasan Polybius. Yara suka riƙa yin layi a kansa har da dambe. Wanda ya buga kuwa, wani ya kasa barci, wani ya dinga mugayen mafarkai, wani mantuwa ta kama shi, wani farfaɗiya ta kayar da shi. Jefi-jefi wasu mutane sanye da baƙaƙen kwat su zo su buɗe akwatin. Ba ruwansu da kuɗin da ke ciki, bayanai kawai suke kwasa. Bayan kamar wata guda akwatunan suka yi ɓatan dabo, aka ce gwamnati ce ta gama gwajinta a ƙwaƙwalen yara.

Matsalar ita ce akwatin gem kayan kasuwa ne, kuma kayan kasuwa ba ya wucewa bai bar sawu ba. Akwai masana'antar da ta ƙera, akwai dillalin da ya rarraba, akwai takardun talla, akwai mujallun 'yan kasuwar da ke bin kowane sabon wasa a wancan zamani. Babu inda Polybius ya fito a cikinsu. Jaridun Portland na 1981 ma ba su ambace shi ba. Kamfanin da aka ce ya yi shi, Sinneslöschen, ba a taɓa samun rajistarsa ba, kuma masu jin Jamusanci sun ce ɗan ƙasa ba zai haɗa kalma haka ba.

To daga ina ya faɗo? Wani ɗan Birtaniya mai suna Stuart Brown ya bi diddigin maganar a wani dogon bidiyo da ya fitar a 2017. Duk inda ya tona, sawun yana ƙarewa ne a shafin coinop.org, wanda ke tara bayanan tsofaffin wasanni. An rubuta 1998 a jikin bayanin Polybius da ke shafin, amma binciken Brown ya nuna a watan Fabrairun 2000 aka ɗora shi. Wato shekara 19 cur babu wanda ya tuna da wasan da aka ce an yi dambe a kansa. Brown ya fi karkata ga cewa mai shafin, Kurt Koller, shi ya ƙaga labarin don ya jawo masu leƙowa. A watan Satumbar 2003 mujallar GamePro ta ɗauko maganar, ta kasa cewa gaskiya ce ko ƙarya, kuma wannan nuƙu-nuƙun ne ya kai labarin kunnen duniya.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ɗinka wannan labari da ƙyallayen gaskiya ya ɗinka shi, kuma marubuci Brian Dunning ya zaƙulo da yawansu. A ƙarshen 1981, a Portland ɗin dai, wani yaro ɗan shekara 12 ya shafe awa 28 yana buga wasan Asteroids don ya kafa tarihi, har ciwon ciki ya tilasta masa dainawa. A rana guda, a gidan gem guda, wani yaron ya kamu da matsanancin ciwon kai bayan ya buga Tempest, wasa mai launuka masu walƙiya. Kwanaki kaɗan bayan haka jami'an tsaro, ciki har da na FBI, suka kai samame wasu gidajen gem na yankin. Caca suke bincike, domin ana zargin wasu masu gidajen sun mayar da akwatunan na'urar caca. Yaron da ya ga manya cikin kwat suna leƙa bayan akwati suna rubuce-rubuce, me kake tsammanin zai tuna bayan shekara ashirin?

Zargin gwamnati ma yana da madogara. A shekarun 1970 ne asirin MKUltra ya tonu, shirin da hukumar CIA ta riƙa gwada ƙwayoyi irin su LSD a kan mutane, wasu ba da saninsu ba. Sojojin Amurka kuma sun sa kamfanin Atari ya sauya musu wasan Battlezone ya zama na'urar horar da masu harbi.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne tsoron ya riga labarin zuwa. Tun 1976 jaridun Amurka suka yi ca a kan Death Race, wasan da ake bi ta kan wasu halittu masu siffar mutane da mota, su yi ihu, alamar kabari ta fito a wurin. A watan Nuwambar 1982 babban likitan gwamnatin Amurka, C. Everett Koop, ya ce wasannin bidiyo na iya cutar da yara, daga baya ya amsa cewa ra'ayinsa ne, ba sakamakon binciken kimiyya ba. Iyayen da suka ji irin wannan daga bakin likita ba sai an sha wahala ba wajen sayar musu da labarin baƙin akwati. Haɗarin da likitoci suka tabbatar, wato walƙiyar haske mai tayar wa wasu farfaɗiya, bai kai labarin mutane masu baƙar kwat daɗin ji ba.

A 2006 akwatin ya fito a zanen barkwanci na The Simpsons, an manna masa tambarin mallakar gwamnatin Amurka. A 2017 wani mai haɗa wasannin bidiyo, Jeff Minter, ya ƙirƙiri wasa na gaske ya raɗa masa sunan, aka fitar da shi a PlayStation 4. Na 1981 kuwa ƙanzon kurege ne: har yau babu wanda ya fito da ko ƙusa ɗaya daga jikinsa.