Jakar Turawa da Fatar Jar Akuya: Tarihin Tsoffin Jakunkuna da Yadda Ake Gane Su

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar goro da shanu a gefe, mu taɓo wata sana'a da ƙannenmu da 'ya'yanmu da dama suka shiga a nan Ikko, wato sayar da jakunkunan mata na gwanjo. Duk wanda ya taɓa leƙa Katangowa ko Yaba ranar da ake fasa dila ya san yadda abin yake. A zube jakunkuna a ƙasa, mai zaɓe ya zaɓa, saura a haɗa su kuɗi ɗaya. To, a ƙasashen Turawa akwai mutanen da ba su da aiki sai tara irin waɗannan tsoffin jakunkuna, suna bin tarihinsu kamar yadda masu doki suke bin asalin ingarma, kuma kuɗin da suke zubawa a kai ya fi ƙarfin wasa.

Ga misali. A ranar 10 ga watan Yuli, 2025, gidan gwanjo na Sotheby's da ke Paris ya sayar da wata baƙar jaka guda ɗaya tak a kan Yuro miliyan 8.6, kimanin Naira biliyan 15 ke nan a canjin lokacin. Jakar nan ta sha jiki, duk ta kakkarce, har da tabon takardun da mai ita ta riƙa liƙa mata. Da a cikin dila ta faɗo mana, wallahi da kyar yaro zai ɗaga ta. Abin da ya sa ta yi wannan tsada shi ne an san asalinta daga farko har ƙarshe. Ita ce ta farko da kamfanin Hermès ya ɗinka wa wata 'yar wasa kuma mawaƙiya 'yar Ingila mai suna Jane Birkin, haruffan sunanta J.B. suna buge a jikin marfin, an san ta ba da ita a 1994 don a sayar a taimaki masu cutar ƙanjamau, an kuma san an sake sayar da ita a shekarar 2000. Wato jaka ce mai salsala.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, waɗannan manyan kamfanoni asalinsu dukawa ne kamar namu. Thierry Hermès ya buɗe shagonsa a Paris a 1837, kuma abin da yake yi shi ne linzami da ragama da sauran kayan dokin da ke jan keken masu kuɗi, daga baya gidan ya shiga yin sirdi. Da mota ta zo ta kashe kasuwar doki, jikokinsa ba su tsaya kuka ba, sai suka juya basillarsu zuwa jakunkuna. Shi ya sa har gobe tambarinsu doki ne da keke. Louis Vuitton kuwa akwatunan tafiya ya fara yi a 1854. Shi kuma Guccio Gucci, ɗan Italiya, ɗaukar kayan baƙi ya yi a otal ɗin Savoy na Landan, a nan ya ƙare wa akwatunan attajirai kallo, sa'an nan ya koma garinsu Florence ya buɗe shago a 1921.

Jabu kuwa tare da sana'ar ta taso. Tun Louis Vuitton yana da rai ake kwaikwayon akwatunansa, har ta kai ɗansa Georges ya fito da zanen nan na haruffan L da V da 'yan furanni a 1896 don ya bambanta nasu da na masu kwaikwayo. Ikon Allah, yau yana cikin zane-zanen da aka fi kwaikwaya a duniya. Kowa ya ga yadda ya cika Balogun da Oshodi.

To, yaya masu tarawa suke gane ta gaskiya, kuma su san shekararta? Abu na farko da suke nema shi ne alamar shekara, kuma a nan Hermès ya fi kowa tsari. Daga 1945 suka fara buga harafi guda a wani lungu na jakar, ba tare da tawada ba, danna shi kawai ake yi a jikin fata. A ita ce 1945, B ita ce 1946, haka har Z a 1970. Da haruffa suka ƙare sai aka sake komawa A a 1971, amma a cikin da'ira, har 1996. Daga 1997 zuwa 2014 harafin yana cikin murabba'i. Kusa da shi kuma akwai alamar wanda ya ɗinka, domin a can mutum ɗaya ne yake ɗinka jaka daga yanka har gamawa, aikin da ke cin sama da awa 15. Yanzu ku duba amfanin sanin tarihi. Jaka samfurin Birkin ba ta fito ba sai 1984, shekarar harafin N cikin da'ira. Idan wani ya kawo maka Birkin mai C cikin da'ira, wato 1973, ka san 'ya ta riga uwarta zuwa duniya, ka mayar masa da abarsa.

Louis Vuitton sun fara sa lambar kwanan wata a farkon shekarun 1980. Daga 1990 zuwa 2006 tsarin haruffa biyu ne da lambobi huɗu. Haruffan suna nuna masana'antar da aka yi ta, lamba ta ɗaya da ta uku wata ne, ta biyu da ta huɗu shekara. Idan ka ga 0935, watan 03 ne na shekarar 95. Daga 2007 suka koma ƙidayar mako maimakon wata, a 2021 kuma suka daina bugawa gaba ɗaya, suka koma ɓoye wata 'yar na'ura a cikin jakar wadda sai da na'urarsu ake karanta ta. Chanel ma a 2021 ta bar 'yar takardar lamba da take liƙawa tun shekarun 1980.

Bayan alama sai samfuri, domin kowane samfuri yana da shekarar haihuwarsa. Jakar Chanel mai sarƙa ana ce mata 2.55 saboda a watan Fabrairu na 1955 ta fito. Makullinta na asali ɗan dogo ne mai kusurwa huɗu, shi kuma makullin nan mai haruffan C biyu a sarƙe sai a shekarun 1980 aka kawo shi, zamanin Karl Lagerfeld. Jakar Gucci mai mariƙin gora ta 1947 ce, lokacin da aka fito daga Yaƙin Duniya na Biyu kayan aiki suka yi ƙaranci, sai suka riƙa gasa gora a wuta suna lanƙwasa ta. Wadda ake kira Kelly kuwa tun shekarun 1930 take, ta yi suna ne a 1956 da aka ɗauki hoton Grace Kelly, matar Sarkin Monako, tana kare cikinta da ita, amma kamfanin bai raɗa mata sunan a hukumance ba sai 1977.

Amma lamba kowa yana iya bugawa, kuma masu jabu sun haddace duk wannan lissafi kafin mu. Saboda haka gwanayen ba sa tsayawa a nan, sai sun koma ga fata da ɗinki, kuma a nan ne mu ba baƙi ba ne. Ɗinkin Hermès na hannu ne, irin na sirdi: zare ɗaya da aka shafa wa kakin zuma, allura biyu, kowace ta bi ta rami ɗaya daga ɓangarenta. Yana fitowa a ɗan karkace, kuma ko zare ya tsinke a wuri ɗaya sauran ba ya warwarewa. Ɗinkin keke kuwa miƙe yake sak, ka ja bakin zare ya biyo ka. Jakar Louis Vuitton mai zanen nan jikinta ba fata ba ne, zane ne mai kauri da aka shafe, mariƙi da gefuna su ne fatar saniya wadda ba a rina ba. Tana fara ne da fari-fari, shekaru da zufar hannu su mayar da ita kalar zuma. Tsohuwar jaka mai mariƙi fari fat, ko an sake mata mariƙi ko ƙarya ce. Sa'an nan su shinshina, su auna nauyin ƙarfe a tafin hannu, su ja zif su ji. Duk Bahaushen da ya taɓa sayen fata a Kasuwar Kurmi ya san wannan, hanci da yatsa suna riga ido ganewa.

Wannan ya kawo mu ga namu tarihin. Shekaru aru-aru Turawa suna sayen wata lallausar fatar akuya suna kiranta fatar Maroko. Gaskiya mutanen Maroko su ma majema ne na ƙwarai, ba za mu cinye musu haƙƙi ba, amma wani kaso na wannan fata daga ƙasar Hausa ya fito, daga jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi. Majemanmu su cire gashi da toka, su jeme ta da 'ya'yan bagaruwa, su shafa mata mai, a rina ja da karan dafi, rawaya da gangamau, baƙi da kuloko. Fatake su ɗora wa raƙuma, a ratsa Sahara ta Agadas da Gat da Gadamas har bakin teku. Baturen da ya saya a can sai ya raɗa mata sunan inda ya gan ta. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, kuma ya rubuta yadda takalma da jemammun fatun Kano suke tafiya har Tarabulus.

Sau ɗaya dai sunan ya matso kusa da gida. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 masu ɗakunan karatu a Ingila suka lura bangon littattafansu na fata yana ruɓewa yana zama gari, aka bincika aka ga ruwan asid da majeman zamani suke sawa yana cikin abin da ke cinye shi. Wani shahararren mai yi wa littattafai bango, Douglas Cockerell, ya rubuta a littafinsa na 1901 cewa fatar da ta fi yi masa amfani ita ce ta akuya da Kamfanin Neja yake kawowa. Daga nan aka san ta da sunan fatar Neja a wajen masu wannan sana'a. To, ko a nan ma sunan kogi da kamfani ne ya fito, ba na majemi ba. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 sai fata ta juya akala, ta bar hanyar raƙumi ta biyo ta nan Ikko zuwa jirgin ruwa, ta hanyar da iyayenmu da yawa suka biyo suka zauna a Agege.

Har yanzu masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa suna fitar da fatar awaki da tumaki zuwa Italiya da Sipaniya, su kuma majeman Ƙofar Wambai suna nan da ramukansu. Sai dai jaka idan ta fito daga Turai, ƙasar da aka ɗinka ta ake bugawa a jiki. Don haka wanda ya rantse maka cewa jaka kaza fatar Kano ce, tambaye shi shaida, domin jakar ba ta ɗauke da ita. Mu kuma nan kurmi, kada mu manta, fatar shanun da ake yankawa a Oko-Oba yawancinta ba ta ganin majemi. Babbaka ta ake yi ta zama ganda, wadda maƙwabtanmu Yarabawa ke ce wa ponmo, ta ƙare a tukunyar miya. Mu ma muna ci, ba mu ce ba daɗi ba.

Yanzu a duba gidajenmu. Akwai gafakar da kaka ya sauko da ita daga Arewa da Alƙur'aninsa rubutun hannu a ciki, akwai zabira, akwai burgami, akwai tandun kwalli, akwai kuben takobi. Wasunsu sun girmi jakar Birkin nesa ba kusa ba, kuma aikin da ke jikinsu, na saƙar siraran fata da zanen da aka danna da ƙarfe, ba ya jin kunyar na kowa. Amma badukun da ya yi bai sa alama ba, bai sa shekara ba, domin a garinsu kowa ya san hannunsa, bai ga dalilin rubutawa ba. Da shi da waɗanda suka san hannun nasa duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Irin waɗannan kaya suna nan a gidajen tarihi na Ingila da Jamus, kuma galibi abin da ke rubuce a takardarsu shi ne sunan gari da sunan Baturen da ya kawo. Mu a namu ra'ayin wannan ita ce babbar asarar, ta fi ta kuɗi, kuma ita ce ke sa dillalan kayan tarihi su saye gafaka a hannun magada da kuɗin cefane.

Shawararmu ga 'yan gwanjo ita ce, jakar da ta yi nauyi a hannu, mai ƙamshin fata, mai ɗinki a karkace, a ware ta gefe, a duba lungunanta da tocila kafin a yi mata kuɗi. Kada a goge ta da man takalmi, kada a sake mata zif ko mariƙi, domin masu tarawa sun fi son tsohon abu da tabonsa a kan wanda aka gyara. Wadda kuma aka san jabu ce a sayar da ita a matsayin jabu, tana da masu sayenta. Masu gafaka a gida kuwa, tun dattawan da suka san labarinta suna raye, a zauna da su a tambaya: ta wace ce, a wane gari aka ɗinka, wane baduku, zamanin wane sarki, ta wace hanya ta iso kurmi. A rubuta a takarda, da boko ko da ajami, a sa kwanan wata, a ninke a saka a cikinta. A kuma raba ta da jikin bango da leda, domin damshin Ikko yana sa fata fumfuna cikin damina ɗaya.