Mai Sayar da Yadi da Ya Ga Abin da Masana Ba Su Gani Ba

Jama'a, yawancinmu da atamfa muka san ƙasar Holan. To, a can garin Delft aka haifi Antonie van Leeuwenhoek a 1632, kuma shi ma yadi yake sayarwa. Bai je jami'a ba, bai iya Latin ba, harshen masanan Turai na lokacin. A sana'arsu, ana ɗora ɗan gilashi mai ƙara girman abu a kan yadi, a ƙirga zare, a gane mai kyau da na banza.

Shi sai ya fara yin nasa gilasan, ƙanana ƙwarai, wasu suna ninka girman abu fiye da sau 200. A 1674 ya ɗebo ruwan wani tafki ya duba, sai ga ƙananan halittu suna iyo. A 1676 ya aika wa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan bayanin waɗanda ya gani a ruwan da ya jiƙa masoro. Suka yi shakka, har sai da Robert Hooke ya gwada da kansa a 1677 ya gan su. A 1683 kuwa daga dattin haƙoransa ya siffanta ƙwayoyin bakteriya.

Gilashin bai yi aikin shi kaɗai ba. Mutumin ya kan daɗe yana kallo, ya auna abu da ƙwayar yashi ko silin gashi, ya rubuta abin da ya gani, ya sa a zana. Wannan ɗabi'ar ce malamai suka shigar cikin aji daga baya. A 1911 Anna Comstock ta Jami'ar Cornell a Amurka ta fitar da littafin nazarin halittu domin malaman firamare, inda yaro zai duba ganye ko ƙwaro da idonsa kafin a yi masa bayani.

Yaranmu da yawa suna haddace sassan fure ba su taɓa buɗe ko ɗaya ba. Mu saya musu ɗan gilashin nan, mu ba su ƙwayar gero, gishiri, fiffiken fara ko guntun shadda. Mu ce: zana, sannan ka faɗi abu biyar da ka gani. In ya kawo uku, ya koma ya sake dubawa. Allah Ya yi wa zuri'a albarka.