Dala

dalā̀ (*sn., mc.; jam.* dalōlī)

1. Tsohon kuɗin azurfa na Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza; nauyi giram 28. Shekarar 1780 ce a jiki ko da an buga shi daga baya, don haka shekarar ba shaidar tsufa ba ce. *Mis.:* Maƙerin Tawa ya narke ~ ya ƙera abin wuya.

2. (*Nijar*) Tamma biyar ta sefa. Da ita ake ƙidayar kuɗi a kasuwa. *Mis.:* ~ ashirin = 100 F; ~ metan = jika guda.

3. (*Nij'ya, tsoh.*) Sule biyu.

4. Kuɗin Amurka.

dalar gwaji: samfurin da ma'aikatar buga kuɗi ta Paris kan buga ƙalilan kafin a saki kuɗi, da tambarin ESSAI, ba a ciniki da ita. Darajarta na bin ƙarancinta da rashin gogewa. *Mis.:* Auna ~, ka duba tambarin da gilashi, kafin ka taya.

jabun dala: ta zubi, rubutu a dushe, ƙara a mace in an buga ta a dutse.

*Dubi:* azurfa, jabu, tamma.