Abin da Injin Wankin Ƙoda Ya Tono

A 1945, a ƙasar Holan, injin wankin ƙoda na Willem Kolff ya fara ceton rai. Da majinyata suka riƙa daɗewa a raye, sai wata matsala ta ɓullo: a 1977 likitocin Oxford suka gano ƙulle-ƙulle masu ruwa a ƙodar waɗanda suka jima ana yi musu wanki, wasunsu na rikiɗewa sankara. Wankin ya kankama a Legas a 1981, daga baya ya iso Kano.

A Ƙaraye da Rogo, maƙwabtan madatsar Challawa, an saba kiran fitsarin jini tsargiya kawai. Ga mai wankin ƙoda, alama ce ta neman hoton ƙoda da mafitsara, domin tsargiyar kanta tana jawo sankarar mafitsara.